Ziyarar wuraren gwagwarmayar baƙaƙen fata a kudancin Amurka: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a birnin Atlanta, iyalina suna tare da ni, da yara biyu, mai shekara 14 da mai shekara 9. Na samu hutun mako guda, ina son mu zaga wuraren da baƙaƙen fata suka yi gwagwarmayar neman 'yanci, irin su Selma da Montgomery da Memphis, har Misisipi in zai yiwu. Mako guda zai isa? Ta ina ya kamata mu fara, kuma dole ne sai da mota? Ya batun salla da abinci a hanya?"

Wa alaikumus salam. Tambayarka kashi huɗu ce: kwanaki, inda za a fara, abin hawa, sai salla da abinci. Mako guda ya isa Alabama da Memphis. Bai isa a haɗa da Misisipi ba, sai in so kake yaran su dawo ba abin da suka riƙe sai zaman mota. Kuma abin da ya fi ɓata wa mutane wannan tafiya ba nisan hanya ba ne, ranakun mako ne. Wuraren nan ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba. Wasu na gwamnatin tarayya ne, wasu na jiha, wasu na jami'a ko wata ƙungiya, wasu kuwa coci-coci ne da har gobe ake ibada a cikinsu. Kowanne da ranar da yake rufewa. Mutum sai ya tuƙa mota awa uku ya isa ya tarar da ƙofa a garƙame, don kawai ya zo ran Litinin.

Zamanin da ake magana a kai ana ƙirga shi daga 1954, shekarar da Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantun gwamnati bisa launin fata, zuwa 1968 da aka harbe Martin Luther King. An soke bauta tun 1865, amma jihohin kudu suka kafa dokokin da suka raba komai da komai: aji, asibiti, kujerar bas, famfon shan ruwa, har maƙabarta. Abin bai bar baƙi ba ma. A 1957 an hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware, a 1961 kuma aka ƙi sayar wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, a wani a Maryland. Shi ma King ya taka Afirka: ya halarci bikin 'yancin Ghana a 1957, ya zo Legas a Nuwamban 1960 lokacin rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Batun mota

I, sai da mota. Akwai bas ɗin Greyhound tsakanin manyan biranen, akwai jirgin ƙasa sau ɗaya a rana daga Atlanta zuwa Birmingham, amma jirgin fasinja ba ya zuwa Montgomery, kuma Selma ƙaramin gari ne da samun tasi ta waya ba abin dogaro ba ne. Sannan rabin abin da za ku gani a kan titin Selma yake, inda bas ba zai tsaya muku ba.

Zagayen gaba ɗaya kusan kilomita 1,500 ne. Atlanta zuwa Montgomery kimanin 260, Montgomery zuwa Selma 80 da ɗoriya, Selma zuwa Birmingham kimanin 150, Birmingham zuwa Memphis kusan 385, sai dawowa Atlanta wajen 620. Matsakaiciyar mota za ta sha galan talatin zuwa talatin da biyar. In ka cire Memphis, tafiyar ta koma rabi. Allunan hanya duk da mil suke ƙirge, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Wajen haya, abu uku ke kawo cikas. Kamfanoni sun fi son katin bashi da katin cire kuɗi na asusu, kuma sukan riƙe wani kuɗi a katin har sai ka dawo da motar. Wanda bai kai shekara 25 ba ana ƙara masa kuɗi kullum. Sai inshora: farashin da ka gani a intanet sau da yawa babu ita a ciki, a kanta za a faɗa maka. In lasisin gida kaɗai gare ka, kira ka tambaya kafin ka biya. In uwargida za ta karɓe ka tuƙi, a rubuta sunanta a takardar.

In ɗan sanda ya kunna maka fitila daga baya, ka sauka gefen titi, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannuwanka biyu a kan sitiyari. Kada ka fito ka nufe shi don gaisawa kamar yadda muka saba, can abin tsoro ne a wurinsu. Kada ka miƙa hannu aljihu ko akwatin mota sai ka faɗa masa abin da za ka ɗauko. Maganar na goro kuwa kada ma ta zo bakinka.

Agogon Jojiya, jihar da Atlanta take, yana gaban na Alabama da na Tennessee ta yamma, inda Memphis take, da awa ɗaya. Da kun tsallaka iyaka agogo zai koma baya, ranar dawowa kuma ku yi asarar awar. Lokacin da ke kan tikiti na garin da gidan tarihin yake ne.

Yadda za a jera kwanakin

A 'yan shekarun nan, wuraren tunawa da bauta na EJI, wata ƙungiyar lauyoyi masu kare haƙƙin ɗan Adam a Montgomery, suna rufewa Litinin da Talata. Cibiyar tarihi ta Birmingham da cocin da ke kallonta ba sa karɓar 'yan ziyara Lahadi da Litinin. Gidan tarihin Memphis Talata yake hutu. Wuraren gwamnatin tarayya kan rufe duk lokacin da majalisa ta kasa amincewa da kasafin kuɗi. Waɗannan ranaku da farashi suna canzawa, don haka ka duba shafin kowane wuri mako guda kafin tashi, ka sayi tikitin da ke da lokaci tun daga gida.

Jerin da nake ba mai tashi daga Atlanta shi ne: Litinin a Atlanta, Talata a bi ta Tuskegee a shiga Montgomery, Laraba a wuni a Montgomery, Alhamis Selma a kwana Birmingham, Juma'a a Birmingham, Asabar Memphis, Lahadi a dawo. An gina shi ne a kan ranakun rufewar nan, kuma Juma'a ta faɗo a garin da ke da masallatai. Yana kuma da wani amfani: ana farawa da tushen abin, wato bauta da kashe-kashen da suka biyo bayanta, kafin a zo kan zanga-zanga, a ƙare da inda aka kashe King.

Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne lokutan da suka fi daɗi. Daga Yuni zuwa Agusta akwai zafi mai gumi, kuma yawancin abin da za a gani a Selma da Montgomery a fili yake. Bazarar can, wato Maris zuwa Mayu, lokacin guguwa ce mai rusa gidaje, in waya ta yi ƙarar gargaɗi a shiga gini mai ƙarfi, a nisanci taga. Asabar ɗin kaka kuma ana buga ƙwallon jami'o'i a Alabama, otal kan yi tsada ko ya cika.

Atlanta da Tuskegee

Tunda a Atlanta kuke, kada ku ba ta fiye da rabin yini, kuna iya komawa. A titin Auburn akwai gidan da aka haifi King ranar 15 ga Janairun 1929, mai lamba 501, da tsohon cocin Ebenezer inda mahaifinsa ya yi limanci, da kabarinsa shi da matarsa Coretta a tsakiyar wani tafki na gini. Duk tafiyar ƙafa ce, shiga kyauta. An rufe gidan haihuwar don gyara a ƙarshen 2023, sai ka bincika ko an buɗe.

Tuskegee tana gefen babbar hanyar 85, saura kamar kilomita 65 a shiga Montgomery. Nan aka haifi Rosa Parks, matar da kama ta ya jawo ƙaurace wa bas a Montgomery, a 1913, nan makarantar da Booker T. Washington ya fara a 1881 take, da filin Moton inda aka horar da matuƙan jirgin yaƙi baƙaƙe na farko a sojan Amurka. Ga abin da za ka nuna wa babban yaronka: a 1957 majalisar jiha ta sake zana iyakar garin, daga murabba'i zuwa wata siffa mai gefe 28, ta yadda cikin baƙaƙe kusan 400 masu ƙuri'a, huɗu ko biyar kaɗai suka rage a ciki. Kotun Ƙoli ta rushe wannan a 1960. Awa biyu sun isa.

Montgomery

Nan ne zuciyar tafiyar, kwana biyu ba su yi yawa ba. Da yammacin Talata ku ajiye mota ku taka titin Dexter da ƙafa, daga ƙasa zuwa sama. Bai kai kilomita ɗaya ba. A ƙasansa akwai dandalin Court Square mai maɓuɓɓugar ruwa, inda aka yi cinikin bayi. A gefen dandalin ne Rosa Parks ta hau bas ranar 1 ga Disamban 1955, akwai mutum-mutuminta a wurin tun 2019. Ɗan gaba kaɗan, inda aka kama ta don ta ƙi tashi ta ba Bature kujera, Jami'ar Troy ta gina gidan tarihi mai ɓangaren yara, wanda zai dace da ƙaramin naku. Ainihin bas ɗin ba ya nan, yana gidan tarihin Henry Ford a Michigan, kada yara su sa rai. Ku kuma tambayi labarin Claudette Colvin, yarinya 'yar shekara 15 da aka kama kan laifi iri ɗaya watanni tara kafin nan.

Ƙaurace wa bas ya fara 5 ga Disamba, ya yi kwana 381. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne tsarin da ya riƙe shi: ɗaruruwan motoci na sa kai da tashoshin ɗauka da saukewa, da mata masu dafa abinci suna sayarwa don sayen mai, da dubban 'yan aikin gida masu takawa zuwa unguwannin Turawa da sanyin hunturu. A saman titin akwai ɗan jan cocin da King ya yi limanci daga 1954 zuwa 1960, ya zo yana ɗan shekara 25. Shiga ciki sai da alƙawari. Gidan liman, wanda aka jefa wa bam ranar 30 ga Janairun 1956 matarsa da jaririyarsu suna ciki, yana titin South Jackson.

Daga ƙofar cocin, ɗaga kai ka ga ginin majalisar jiha. A barandarsa akwai tauraro na tagulla a ƙasa, daidai inda aka rantsar da Jefferson Davis shugaban 'yan awaren kudu a 1861. A wurin ne Gwamna George Wallace ya yi alƙawarin wariya har abada a 1963. Da masu tattakin neman 'yancin zaɓe daga Selma suka iso a 1965, ba a bar King ya hau matakalar ba, a kan bayan tirela ya yi jawabi.

Laraba ta EJI ce, ƙungiyar lauya Bryan Stevenson. Wuri uku ne, tikiti ɗaya, dala biyar a 'yan shekarun nan, da motar da ke kai mutane tsakaninsu. A fara da Legacy Museum da safe, a ba shi awa uku. Ba a ɗaukar hoto a ciki. Yana bin zare ɗaya daga jiragen bayi zuwa gidajen yarin yau, kuma akwai bango cike da kwalabe, kowace da ƙasar da aka ɗebo daga inda aka kashe wani, da sunansa a jiki. Ƙasar launi-launi ce, ja da baƙa da rawaya.

Bayan azahar sai dandalin tunawa da ke kan tudu, wanda aka buɗe a Afrilun 2018. Da shiga za ku tarar da sassaƙen mutane cikin sarƙa, aikin Kwame Akoto-Bamfo ɗan Ghana. Sannan ginshiƙan ƙarfe sama da 800, kowanne na gunduma ɗaya, ɗauke da sunayen mutum fiye da 4,400 da taron jama'a suka kashe ba shari'a tsakanin 1877 da 1950. Da farko ginshiƙan daidai tsayinka suke, kana karanta suna ido da ido. Kana tafiya daɓen yana gangarawa, su kuwa suna nan inda suke, har ka tsinci kanka a ƙarƙashinsu suna rataye a saman kanka. An bar ƙarfen ya yi tsatsa da gangan. Wuri na uku, lambun sassaƙa a bakin Kogin Alabama da aka buɗe a 2024, in ƙarfi ya ƙare a bar shi.

Game da mai shekara 9: akwai hotunan gawarwaki da muryoyin 'ya'yan da ake raba su da iyayensu. Ku shirya cewa ɗayanku zai iya fita da shi. Kada ku sa wani abu a daren nan ban da abinci da hira.

Hanyar Selma

Titi mai lamba 80 ne. In ba tsayawa awa ɗaya ce, amma ku ba shi biyu. Ku sani kuna bin hanyar ne a juye, masu tattaki daga Selma suka taso. Mil 54 suka taka, kilomita 87, ya ɗan ɗara tsakanin Zariya da Kaduna, cikin kwana biyar daga 21 zuwa 25 ga Maris 1965. Mutum kimanin 3,200 suka tashi, alƙali Frank Johnson ya ƙayyade 300 kaɗai a inda titin ya tsuke, suka shiga Montgomery sun kai 25,000.

A tsakiyar hanya, a White Hall cikin gundumar Lowndes, akwai cibiyar bayani ta gwamnatin tarayya. Kada ku wuce ta. A farkon 1965 baƙaƙe ne mafi rinjaye a gundumar, amma ko ɗaya babu a rajistar zaɓe. Manoman haya da suka yi rajista daga baya, masu gonaki suka kore su, suka zauna a tantuna a daidai filin nan. A kan titin kuma akwai dutsen tunawa da Viola Liuzzo, Baturiya daga Detroit mai 'ya'ya biyar, wadda 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ta'addancin wariyar launi, suka harbe a motarta daren da aka gama tattaki. Wurin tsayawar ƙanƙane ne kuma motoci na gudu, a kula da yara.

Dalilin Selma shi ne ƙuri'a. A gundumar Dallas, cikin baƙaƙe kusan 15,000 da suka isa zaɓe, kimanin 300 ne a rajista. Ofishin rajista kwana biyu yake buɗewa a wata, ga jarrabawa kan tsarin mulki da magatakarda ke yanke wanda ya ci. Abin da ya tayar da tattakin shi ne harbin Jimmie Lee Jackson da ɗan sandan jiha ya yi a garin Marion ranar 18 ga Fabrairu.

Ku ƙetara gadar da mota ku shiga gari, ku ajiye ta, ku fara daga cocin Brown Chapel inda aka taru. An daɗe ana gyaransa, wataƙila daga waje za ku gani. A nan Malcolm X ya yi wa matasa jawabi ranar 4 ga Fabrairun 1965, wata goma bayan hajjinsa, kwana 17 kafin a kashe shi. Daga nan ku taka zuwa gadar Edmund Pettus, ku haye ta da ƙafa ta gefen masu tafiya. Gadar tana da doro. Daga ɓangaren gari ba ka ganin abin da ke ƙetare, sai sama da ƙarafa. Sai ka kai tsakiya, kogi can ƙasa, sannan gangaren zai bayyana. Daga wannan doron ne John Lewis da Hosea Williams, da mutum kusan 600 a bayansu bibbiyu, suka hango 'yan sandan jiha a jere da kulake, da mahaya dawakai, ranar Lahadi 7 ga Maris. Ba su juya ba. Aka fasa wa Lewis kai, aka doki Amelia Boynton har ta suma, aka bi sauran da barkonon tsohuwa. Ku tsaya a doron minti biyu kafin ku gangara. Wanda ya wuce a mota ba zai gane wannan ba. Ranar 6 ga Agusta na shekarar aka sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe.

Sunan da ke saman gadar na janar ne na 'yan aware, wanda kuma ya shugabanci Klan a Alabama. Har yau ana gardama kan canza shi. Selma kanta gari ne mai fama da talauci, guguwar Janairun 2023 ta ƙara mata rauni. Ku ci abincin rana a garin, ku biya ɗan gari mai yi wa baƙi jagora in kun samu, kuma ku nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum ko gidansa. Ƙarshen makon farko na Maris ana bikin tunawa, gari kan cika maƙil. In kallo a natse kuke so, ku kauce masa. Ku bar garin da sauran rana, hanyar Birmingham ta daji ce kuma barewa na tsallaka titi da dare.

Birmingham

Komai a mahaɗa ɗaya yake: cibiyar tarihi, cocin titi na 16, da filin Kelly Ingram. Da safe a shiga cibiyar, wadda aka buɗe a 1992, awa biyu. Akwai ƙofar ƙarfe ta ɗakin kurkukun da aka tsare King a Afrilun 1963. Filin da ke gabanta shi ne inda kwamishinan tsaro Bull Connor ya sa aka saki karnuka da mesar 'yan kwana-kwana a kan 'yan makaranta ranar 3 ga Mayu, bayan an kama ɗaruruwansu a jajibirin. An yi wata siririyar hanya tsakanin bango biyu, karnukan ƙarfe sun yo tsalle daga kowane gefe baki buɗe, dole ka ratsa ta tsakaninsu. Yaran da aka yi wa haka sa'o'in naku ne, kuma za su lura da kansu.

Ran Lahadi 15 ga Satumban 1963, ƙarfe 10:22 na safe, bam ya tashi a jikin cocin ya kashe 'yan mata huɗu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley da Carole Robertson masu shekara 14, da Denise McNair mai 11. Ba a hukunta kowa kan kisan ba sai 1977 da aka ɗaure mutum ɗaya, wasu biyu kuma sai 2001 da 2002. Zagayen cocin da jagora ne, a kama lokaci tun da wuri, a zaɓi na bayan Juma'a. A tuna wurin ibadar mutane ne: murya ƙasa, sutura ta mutunci. In lokaci ya rage, cocin Bethel a unguwar Collegeville na Fred Shuttlesworth ne, mutumin da ya riƙe gwagwarmayar garin shekaru kafin King ya zo. An jefa wa gidansa bam daren Kirsimetin 1956 ya fito da ransa.

Memphis, da abin da za ku bari

Ku tashi bayan asuba, awa uku da rabi ce. Gidan tarihin an gina shi ne a jikin otal ɗin Lorraine. Daga waje za ku ga baranda da zoben furanni a gaban ɗaki 306, da tsofaffin motoci biyu a ƙasa. Nan aka harbi King ranar 4 ga Afrilun 1968, ƙarfe 6:01 na yamma, yana da shekara 39. Ɗakin shi ne ƙarshen zagaye, ta gilashi ake kallonsa. Kuskuren da ake yi shi ne ƙarar da ƙarfi a ɗakunan farko. Tunda kun riga kun ga Montgomery da Selma da idonku, ku wuce sassansu da sauri, ku tsaya kan abin da ya kawo shi garin: yajin aikin masu kwashe shara kimanin 1,300, wanda ya fara 12 ga Fabrairu bayan motar shara ta matse Echol Cole da Robert Walker sun mutu.

Misisipi tafiya ce ta kanta. Wuraren Emmett Till, yaron Chicago ɗan shekara 14 da aka kashe a Agustan 1955, a warwatse suke cikin gonakin auduga: kangon shagon da ke garin Money inda abin ya faro, kotun Sumner inda aka wanke makasan bayan shawarar minti 67, da bakin Kogin Tallahatchie inda aka sa allon da harsashi ba ya huda shi a 2019 saboda an sha harbin na baya. Ga gidan Medgar Evers, jagoran gwagwarmayar Misisipi da aka harbe, da gidan tarihin jiha a Jackson. Kwana uku ne aƙalla, ku ajiye shi sai wani hutun.

Salla da abinci

Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, kusan digiri 50 daga arewa, ba gabas sak ba. Kuna da sauƙin matafiyi, tunda mafi yawan zangon sun wuce nisan ƙasaru kuma ba inda za ku zauna kwana huɗu. Wuraren hutawa na gwamnati a kan manyan hanyoyi suna da banɗaki da ciyawa mai tsabta, sun fi gidan mai daɗin shimfiɗa darduma. A sa buta da galan ɗin ruwa a bayan mota. A Birmingham ƙungiyar Musulmin garin tana da masallatai a Homewood da Hoover, ka duba lokacin huɗuba a shafinsu, ka ba hanya minti talatin. Memphis da Montgomery ma akwai masallatai.

Abincin kudu zai yi muku kama da na gida: wake, kuɓewa, ganye, tsakin masara, soyayyen tarwaɗa. A nan tarkon yake. Ganye da wake da koren wake bisa al'ada da naman alade ake dafa su don ɗanɗano, ko da ba ka ga nama a kwano ba, wainar masara kuma wani lokaci da kitsensa. Kada ka tambaya ko akwai nama, ka tambaya da me aka dafa. Wasu gidajen da talotalo mai hayaƙi suke yi. Memphis kuwa gashinta na alade ne, kifi ya fi muku kwanciyar hankali. Naman halal sai manyan birane, don haka a cika akwatin ƙanƙara daga Atlanta, a nemi otal mai firji. In kun zauna an kawo muku abinci, ana ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na ma'aikaci. Kuɗin shiga gidajen tarihin ba su ne nauyin ba, otal na dare biyar da hayar mota ne.

Ranar Lahadi hanyar gida ta Birmingham za ta sake biyowa, sai babbar hanya ta 20. Bayan kamar awa ɗaya akwai Anniston. A tsohuwar tashar bas da ke titin Gurnee ne taron Turawa suka tare bas ɗin matasa baƙi da farare masu gwada dokar hana wariya a motocin tsakanin jihohi, ranar 14 ga Mayun 1961, suka farke tayoyinsa, suka bi shi kilomita goma bayan gari suka cinna masa wuta da mutane a ciki. An zana bas ɗin a bangon lungun tashar da bayani a jiki, a waje yake, ko Lahadi ana gani. Minti ashirin sun isa. Daga nan saura awa ɗaya da rabi ku shiga Atlanta, ka ƙara awa guda a agogo in kun tsallaka Jojiya, musamman in da safe za a mai da motar.